Motar lantarki daga Kano zuwa Abuja, don Allah a ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku kenan da na sayi motar lantarki 'yar China, a cikin gari wallahi ba ta da matsala, da daddare in jona ta a gida da safe in fita. Yanzu biki ya taso a Abuja kuma Hajiyarmu ta kafe sai dai a wannan motar za a kai ta.

Tafiyar ta haura kilomita 400, ita kuma motar a rubuce kilomita 400 take yi da caji ɗaya amma ranar da na gwada ta zuwa Zariya da AC a kunne ina gudun 110 sai na ga batir yana zuba kamar ruwa a kwando, da na lissafa ko 300 ba za ta kai ba. Dole kenan in tsaya caji a Kaduna. To bakin cajinta GB/T ne, wato irin na China, in na tarar da CCS2, wato irin na Turai, a wurin cajin ya zan yi? Akwai wanda ya taɓa amfani da adafta bai samu matsala ba?

Soket ɗin gida kuwa batir 60kWh (girman batirinta kenan) sai ya fi awa 24 kafin ya cika, in ma an bar wutar kenan. Na gwada janareton maƙwabcina cajar ta ƙi karɓa, wani mai gyara ya ce rashin at ne, wato wayar da ake haɗawa da ƙasa (earth). Haka ne? Ranar Alhamis za mu tashi.