An yi min allurar PRP a faifan ƙashin baya, ciwon bai sauka ba: haka ake yi ko aikin ne bai kama ba?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin wannan hanya, da masu ilimin abin. Shekarata 44. Na daɗe ina fama da ciwon ƙugu, irin wanda dogon zama ke tayarwa, in na sunkuya ɗaura takalmi sai na dafa wani abu kafin in miƙe. Hoton MRI ya nuna faifan (matashin guringuntsi) da ke tsakanin ƙashi na L4 da L5, can ƙasan baya, ya bushe, zoben da ya kewaye shi kuma ya tsage. Bai danne jijiya ba, don haka likita ya ce babu maganar tiyata. Da magunguna da fisiyo (jinya ta motsa jiki) suka ƙi, sai aka ɗebi jinina, aka juya shi a na'ura, aka tace PRP, wato ruwan jini mai cike da ƙwayoyin da ke daskarar da jini da taimaka wa warkewa, aka zuba shi cikin faifan da doguwar allura.

Yanzu ban cika wata ɗaya ba. Kwanakin farko ciwon ya ninka na da, ko juyi a gado ba na iyawa. Ya lafa, amma ya tsaya daidai inda nake kafin allurar. An kuma hana ni ibuprofen da diclofenac, su ne kuwa abokan zamana a da. Yaushe ake fara ganin sauƙi? Yaushe zan koma aiki, tunda aikina na zama ne gaban kwamfuta? Abin da ya fi hana ni barci kuma: faifan zai koma yadda yake ne, ko nan da shekara biyar tiyatar ce dai ke jirana?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Sannu Baban Khalifa, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma an yi min, a L5 da S1, wato faifan da ke ƙasa da naka, shekara biyu ke nan da 'yan kai. Abin da ka faɗa na kwanakin farko, wallahi kamar labarina kake bayarwa. Sai a wata na biyu na fara jin bambanci, shi ma ba wai na tashi da safe na ji garau ba. Na dai lura ina gama wanke-wanke a tsaye ban nemi kujera ba. Zuwa wata shida zan ce fiye da rabin ciwon ya tafi. Har yau in na yi doguwar tafiya a mota yana tuna min da kansa, kwana biyu ya wuce. Ka ba shi lokaci, ka yi wuri da yanke hukunci.

Malam Nasiru, likitan fisiyo:
Baban Khalifa, ƙaruwar ciwo a farko ba alamar an yi kuskure ba ce. An cusa ruwa a wuri matsattse wanda dama a fusace yake, kuma PRP da gangan yake tayar da kumburi, domin ta nan gyaran jiki ke farawa. Shi ya sa aka raba ka da ibuprofen da diclofenac, aikinsu kashe kumburi ne kuma suna rage kuzarin ƙwayoyin da aka zuba maka. Yawanci ana barin paracetamol, amma ka tambayi likitanka tsawon lokacin hanin, don kowa da tsarinsa.

Dalilin jinkirin kuma yana cikin halittar faifan. A jikin babban mutum babu wani sashe mai girmansa da jini ba ya ratsawa. Abincinsa da iskarsa tsatsafowa suke yi ta siririn guringuntsin da ke samansa da ƙasansa. Yanka a fata kan haɗe cikin kwanaki saboda jini na kai masa kayan gyara, shi kuwa faifai watanni yake ɗauka. Galibi daga sati shida zuwa takwas ake fara sa ran wani abu, ana yin hisabi na gaskiya tsakanin wata uku da shida.

Kada ka kwanta ka ce kana jinya. Faifai kamar soso yake, matsawa da sakewa ne ke shigar da ruwa su fitar, tafiya a ƙasa kuwa ita ke ba shi wannan a hankali. Ka yi ta gajeru-gajeru sau da yawa a yini, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Abin da za ka guje wa a makonnin nan shi ne haɗa sunkuyo da murɗa ƙugu da ɗaukar nauyi. Ka fi kiyayewa da sassafe, saboda faifai na shan ruwa cikin dare, yana wayar gari a cike, sunkuyon sa'ar farko ya fi takura wa zoben. Aikin ofis kana iya komawa in likita ya yarda, da sharaɗin ba za ka liƙe a kujera ba. Duk bayan minti ashirin ko talatin ka miƙe ka ɗan taka. In kana shan sigari, yanzu ne lokacin ajiye ta, tana ƙuntata ƙananan jijiyoyin jinin da ɗan abincin faifan ke bi.

Abu Hamza:
Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne.

Injiniya Lawal:
Zan faɗi abin da ba lallai ya yi daɗin ji ba. Ni na ƙi allurar bayan na zauna na karanta gwaje-gwajen da aka yi. Wanda masu yin ta suka fi kafa hujja da shi an buga shi a 2016, daga wani asibiti a New York, mutum 47 ne kacal. A sati takwas waɗanda aka yi wa PRP sun fi ɗaya rukunin, wato waɗanda ba a yi wa PRP ba, samun sauƙi, gaskiya ne. Amma bayan sati takwas ɗin an ba wa ɗaya rukunin damar karɓar PRP su ma, to da wa za a gwada sakamakon shekara ɗaya ko biyu? A 2022 wani gwaji daga Holan ya bi mutane shekara guda bai ga bambanci tsakanin PRP da allurar bogi ba. Na ƙwayoyin halitta na asali da ake cirowa daga ɓargo ma haka, gwajin Turai mai suna RESPINE bai nuna sun fi allurar bogi ba a wata goma sha biyu. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka har yanzu ba ta amince da wani maganin irin waɗannan ƙwayoyi don ciwon baya ba. Ciwon baya dama hawa da sauka yake yi, mutum kuma kan je neman allura ne lokacin da abin ya kai maƙura, daga nan ko ba a yi komai ba sau da yawa sauka zai yi.

Maman Iman:
Haba Injiniya, mutum yana kwance da ciwo, an riga an yi, sai ka zo masa da wannan? Ni da na ji a jikina fa?

Injiniya Lawal:
Yi haƙuri Maman Iman, ban ƙaryata ki ba. Sauƙin da kika samu na gaske ne. Abin da ba wanda zai iya rantsewa a kai shi ne ko allurar ce ta kawo shi, ko fisiyon da kika dage da shi, ko lokaci. Ya tambayi makomarsa ne, gara ya san inda ilimin ya tsaya da ya ɗora rai a kan alƙawarin da ba a yi masa ba.

Hajiya Umma:
Ku bar jayayyar nan tukuna, akwai abin da ya fi ta gaggawa. Ɗana, ka buɗe kunne. Ƙanena an yi masa allura a faifai, ya fara samun sauƙi, sai bayan 'yan makonni ciwon ya dawo da wani irin ƙarfi, ko gadon aka taɓa sai ya yi ƙara, ga gumin dare. Muka yi ta cewa ai an ce zai yi ciwo. Ashe ƙwayar cuta ce ta shiga faifan. Ya sha makonni ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ya warke, alhamdulillahi, amma da an je da wuri da wahalar ba ta kai haka ba. Ba kasafai yake faruwa ba, ban faɗa don in tsorata ka ba.

Malam Nasiru, likitan fisiyo:
Hajiya ta taɓo inda ya kamata in fara. Ciwon allura na yau da kullum sauka yake yi sannu a hankali. Wanda ya lafa sannan ya dawo yana ƙaruwa kullum, ba ya barin ka ko a kwance, da zazzaɓi ko babu, wannan na komawa asibiti ne a ranar, a duba jini, ESR da CRP, gwaje-gwajen da ke nuna kumburi, in ya kama a sake MRI. In kuwa ƙafa ta fara rauni, ko ji ya ɗauke a tsakanin cinyoyi da matse-matsi, ko fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida na zuwa ba ka sani ba, ba a jiran gari ya waye. Sashen gaggawa kai tsaye.

A kan maganar Injiniya, ban ga inda ya kauce ba, sai dai zan ƙara wani abu da zai kwantar maka da hankali. Faifan da ya bushe ba ya komawa na ɗan shekara ashirin, kuma ko a cikin waɗanda suka ji daɗin allurar, hoton MRI sau da yawa bai cika canzawa ba. Amma hoto da ciwo ba tafiya ɗaya suke yi ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan ya samu lalacewar faifai a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Da yawa suna yawo da faifai irin naka ba su sani ba. Mafi yawan masu irin matsalarka ba sa ƙarewa a ɗakin tiyata, kuma faifai kan ƙara tauri da shekaru, wasu ciwon nasu ma raguwa yake yi. Saboda haka ka daina auna kanka da tambayar ko akwai ciwo yau. Ka riƙa rubutawa duk sati: minti nawa kake iya zama, nisan da kake takawa, sau nawa ciwo ya tashe ka da dare. Wannan za ka kai wa likita a wata na uku. Da zarar an ba ka izini kuma, ka shiga atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya da ta ɗuwawu ka riƙe shi, domin a ciwon baya mai daɗewa motsa jiki ya fi allurar nan hujja nesa ba kusa ba.

Sani Dogo:
Ni ɓargo aka ciro min daga ƙashin ƙugu aka zuba. Wurin da aka huda ya fi bayan damuna a satin farko. Na samu sauƙi sosai kusan shekara ɗaya da rabi, daga baya ya fara dawowa, ko da yake bai kai na da ba. Yanzu an ce in zo a sake, ina ta jan ƙafa.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, babu zazzaɓi, kuma ciwon ba ƙaruwa yake yi ba, amma na riƙe maganarki. Injiniya, ban ji haushi ba. Maganar Sani ce ta tuna min, ni ma likitan ya ce in ba a ga canji ba za a iya yin ta biyu. In karɓa?

Malam Nasiru, likitan fisiyo:
Ba yanzu za ka amsa wannan ba, kuma kada ka yarda a sa maka rana kafin wata uku su cika. Kowace allura huda zoben take yi. A 2009 Eugene Carragee na Jami'ar Stanford ya buga sakamakon bin mutanen da aka huda musu faifai don gwaji tsawon shekara goma, faya-fayan da aka huda sun fi waɗanda ba a taɓa ba saurin lalacewa. Ga kuma haɗarin ƙwayar cuta da ke sabuntawa duk lokacin da allura ta shiga. Halin Sani daban ne, shi ya ga amfani na tsawon lokaci, yana da abin da zai ɗora a sikeli. Kai in wata shida suka wuce babu abin da ya motsa a rubutunka, abin tambaya shi ne ko faifan ne ma tushen ciwon tun farko, tunda ƙananan gaɓoɓin bayan ƙashin da mahaɗar ƙugu suna ba da ciwo mai kama da wannan. Ka nemi likita na biyu, wanda ba shi ke yin allurar ba, ya duba ka daga farko.