Da bakin wa kuke ba da labari?

Daga Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Littafin da nake rubutawa jarumar ce ke ba da labarinta da bakinta: na tashi, na ce, na gani. To yanzu na iso inda mijinta da uwarsa za su ƙulla maganar ƙarin aure, ita kuwa tana gidansu wankan jego. Ba ta gani ba, ba ta ji ba, amma dole mai karatu ya sani. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, yaya ya yi?

Daga Daura: Wa alaikumus salam Yaya. Ni ƙanwar mijin na sa ta kawo mata labarin. Sai ya fi daɗi ma, domin ƙanwar ta rage wani abu ta ƙara wani, mai karatu ya rasa wa zai gaskata, kamar yadda ita jarumar ta rasa.

Malamin Hausa, Ƙofar Ƙaura: 'Yata, wannan matsala ta girme mu. Gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu malamai a nan Katsina, kuma duka biyun jarumi ne ke zaune yana ba masu sauraro labarin kansa. A littafin Shaihu Umar kuwa, inda shi ma Umar ne ke ba da labarin kansa, Tafawa Ɓalewa ya bar Umar na ɗan lokaci ya bi uwarsa cikin wahalar nemansa. Da nake karantar da shi, ɗalibai sun sha tambayata: shi Umar a ina ya ga wannan? Idan yaran aji sun lura, masu karatunki ma za su lura. Ki nuna hanyar da labarin ya iso mata.

Daga Ƙofar Sauri: Ni "ni" ɗin nan na bari gaba ɗaya. Na rubuta labarin kishiya da bakin uwargida, yana fita a WhatsApp dangin maigidana suka ce gidana na tona. Har gaisuwar jaje aka yi mini. Tun daga nan "ta ce, ya ce" nake yi, ina shiga zuciyar kowa.

Daga Ƙofar Marusa: Allah ya saka da alheri Malam. Anti, kin ba ni tsoro, don nawa ma dangin suna karantawa. Amma raɗaɗin matar nan ba ya fita sai da bakinta. Zan gwada ƙanwar mijin.