Kundin da muka aro ne ya ka da jamhuriya ta uku?

Mushe Lawali: Assalamu alaikum 'yan fada. Maganar da muka ɗauko jiya a bakin shayi hayaniya ta hana a ƙarasa, ga ta nan kowa ya faɗi tasa a natse. Ni ina nan kan bakana: abin da ya ka da jamhuriya ta uku a Nijar shi ne kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a Disambar 1992. Mun aro tsarin Faransa mai kai biyu, shugaban ƙasa jama'a ke zaɓensa, firaminista kuma sai wanda masu rinjaye a majalisa suka yarda da shi. A zaɓen Janairun 1995 'yan adawa suka samu kujeru 43 cikin 83, dole shugaba Mahamman Usman ya karɓi Hama Amadu a matsayin firaminista. Daga nan aka shiga zaman doya da manja. Wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata? Wa ke tsara abin da za a tattauna a taron ministoci? Har taron ma ya daina zama. Ran 27 ga Janairun 1996 Kanal Ba'are ya yi juyin mulki, ya kwashe su gaba ɗaya. Masanan da ke duban siyasa ta wajen dokoki da hukumomi abin da suke nufi ke nan: inda aka yi wa gida ƙofa, nan mutanen gida za su bi. Mu ƙofarmu rikici ta nufa.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Mushe, kai takarda ka karanta, ni kuwa ina cikin kasuwa lokacin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da muke saya sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Kayana na hanya daga Kwatano, kuɗin da na ƙulla ciniki da su suka zama rabi a hannuna. Ma'aikata kuwa ana bin gwamnati albashin watanni. Ina da littafin bashi mai baƙin bango a shago, rabin sunayen da ke ciki malaman lakwal ne irinka, wannan tiya biyu ta shinkafa, wancan sabulu da kananzir. Uraniyom da muke taƙama da shi farashinsa ya faɗi tun farkon shekarun 1980. Gwamnatin da ba ta iya biyan malami da soja, ko wane irin kundi ka miƙa mata faɗuwa za ta yi. Jori Hamani a 1974 wane firaminista ya yi gardama da shi? Fari da yunwa suka buɗe wa Kunce hanyar juyin mulki.

Nafisa: Baba Alhaji, Mushe, ku yi mini izini in sa baki, don a kan wannan darasin muke a jami'a. Abin da aka fara koya mana shi ne ba a yanke hukunci da ƙasa ɗaya a shekara ɗaya. In ka ce abu kaza ne sanadi, sai ka nemo inda yake amma sakamakon bai zo ba, da inda babu shi amma ya zo.

Mu gwada maganar Mushe. Mali ta ɗauki tsari mai kai biyu a 1992 kamar mu, amma ta yi shekara 20 ba juyin mulki, Konare ya miƙa wa Tumani Ture a 2002. A gida ma, Tanja ya maida ƙasa tsarin shugaba mai cikakken iko da ƙuri'ar raba gardama ta Agustan 2009, soja suka ɗauke shi a Fabrairun 2010. Ba'are shi ma kai ɗaya ya yi a kundin 1996, bai kai ƙarshen wa'adi ba. Masanin siyasa Juan Linz ma a 1990 tsarin shugaba mai cikakken iko ya ɗora wa laifi, saboda wanda ya ci ya kwashe duka, wanda ya faɗi ba shi da komai sai jiran shekaru.

Maganar Baba Alhaji kuma ta yi kusa da ta wani masani mai suna Lipset, wanda a 1959 ya nuna ƙasashe masu wadata sun fi riƙe dimokuraɗiyya. Akwai gaskiya a ciki. Amma karyar sefa ta 1994 ba mu kaɗai ta faɗa wa ba. Ta faɗa wa Benin da Senegal rana ɗaya da mu, soja ba su karɓi mulki a can ba. Indiya ma cikin talauci ta soma zaɓe.

Alhaji Garba: 'Yata, Benin da Senegal suna da teku. Mu kayan waje, ko kwanon gishiri ne, sai ya ratso ƙasar wani. Ba ɗaya ba ne.

Nafisa: Haka ne Baba, na karɓa. Amma Mali ba ta da teku, kuma ta wuce 1996 lafiya.

Mushe Lawali: Nafisa, Malin da kika kawo ni take goyon baya. A waɗannan shekaru ba su taɓa samun shugaba daga ɓangare ɗaya, firaministan dole daga ɓangaren adawa ba. Tarkon na nan a ɗane, ba su dai taka shi ba. Mu muka taka.

Kawu Ɗan Baba: Duk na ji ku. Ni tsoho ne, ba zan kawo sunan wani masani ba, misali zan kawo, na waje da na gida. Faransa ta yi irin wannan zaman a 1986, Mitera yana shugaba, Shirak yana firaminista, kuma an ƙare ba a ji ƙarar bindiga ba. Kundi iri ɗaya, mutane daban. To ashe maganar tana wajen tarbiyyar mulki, wato abin da jama'a suka saba ɗauka a kan iko. Kada kuma wani ya ce Bahaushe bai san raba iko ba. Nan Maradi, tun zuwan sarakunan Katsina bayan jihadi, sarki ba shi ke ɗora kansa ba. Akwai Kaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, su ke zaɓe, kuma sarki ya san da su a kowace babbar shawara. Amma kowa ya san gurbinsa, ya san inda zai tsaya in an zo gaisuwa. Abin da ya ɓace mana a 1995 kunya ce da sanin gurbi. Mutum biyu kowa na ganin in ya sassauta an raina shi a gaban magoya bayansa. Na ga ranar da 'yan'uwa biyu a unguwarmu suka daina cin tuwo a akushi ɗaya saboda jam'iyya. Wannan ba kundi ya rubuta shi ba.

Sanusi Direba: Kawu, Allah shi ƙara girma, amma ni ban yarda rashin kunya ba ne. Lissafi ne. Ku tuna yadda aka zo wurin. A 1993 jam'iyyu suka haɗa ƙawance don su hana MNSD, jam'iyyar da ta yi mulki a baya, komawa kan mulki, Mahamadu Isufu ya zama firaminista. A Satumbar 1994 ya aje aiki, ya ɗauki jam'iyyarsa ya koma wajen waɗanda suka yaƙa jiya. Shugaba ya rasa rinjaye, ya rushe majalisa yana zaton zai ci, bai ci ba. Kowane ɗayansu ya auna inda ribarsa take ya bi. Mu a tasha haka muke: in layi bai biya direba ba, zai fita ya yi lodi a bakin titi, ko ɗan gidan malamai ne.

Nafisa: Yaya Sanusi, wannan ma makaranta ce guda, masu cewa a fara da mutum ɗaya da abin da yake so ya samu. Sai dai ina da tambaya gare ka. Me ya sa direban ke ganin fita daga layi ta fi riba? Don ya san ba mai cin shi tara. Ke nan lissafin nasa dokar tasha ce ta tsara shi. Ka dawo da mu wurin Mushe ba ka sani ba.

Mushe Lawali: Madalla da 'yata. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Nafisa: Mushe, ban ba ka duka ba. Na yarda kundin ne ya sa rikicin ya ɗauki wannan kama, har gwamnati ta tsaya cik. Amma bai gaya mana dalilin da ya sa in farar hula suka cije, bariki ake dubawa ba. 1974, 1996, 1999, 2010, 2023: kundi daban-daban, ƙarshe iri ɗaya. Najeriya ta gwada tsarin firaminista irin na Ingila, soja suka shigo a 1966. Ta koma irin na Amurka a 1979, suka sake shigowa a ƙarshen 1983. Senegal kuwa ta yi nata rikicin mai kai biyu a Disambar 1962, tsakanin shugaba Senghor da firaminista Mamadu Dia, soja suka tsaya bayan shugaba, ba su hau kujerar ba, har yau kuma ba su taɓa hawa ba. Ni wannan bambancin nake so in rubuta a kai, yadda aka raini sojan kowace ƙasa da abin da ya saba gani nasa ne.

Kawu Ɗan Baba: To ai tarbiyyar ce kika dawo gare ta, ta bariki dai maimakon ta fada.

Alhaji Garba: In za ki rubuta, ki sa da wannan: a Fabrairun 1992, tun kafin a yi kundin da Mushe ke zargi, soja sun yi bore a Yamai, kuma kan albashi ne. Ki zo shago gobe bayan la'asar, littafin bashin yana nan cikin akwati, in nuna miki watannin da sunaye suka fi yawa.