Sha'awa ko kasuwa: wa zai zaɓa wa yaro kwas?

Baban Yara: Ni dai ra'ayina bai canza ba. Yaro ɗan shekara 17 bai san abin da yake so ba. A tura shi likitanci ko injiniyanci, sha'awa za ta biyo baya. Sha'awa ba ta ciyar da iyali.

Malama: Alhaji, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Shekaru na yi ina koyarwa, na ga yaran da aka tura kwas ɗin kimiyya alhali lissafi na ba su wuya tun daga tushe. Sai su yi ta faɗuwa suna maimaita aji, a ƙarshe su fita da sakamakon da ba ya samo musu aikin da aka yi musu kwaɗayi. Ko Charles Darwin, shahararren masanin kimiyyar halittu ɗan Ingila, mahaifinsa likita ne, ya tura shi jami'ar Edinburgh da ke Scotland karatun likitanci a 1825. Shekara biyu ya yi ya bari, don bai iya jure kallon tiyata ba, lokacin babu allurar kashe zafi.

Ɗalibi: Malama, kamar kin san labarina. Ina aji uku a kwas ɗin da aka zaɓa min. Ina cin jarrabawa, amma wallahi ko buɗe littafin ba na son yi.

Baban Yara: To ai kana ci, ɗana. Me kuma ya rage?

Yaya Babba: Baba na da gaskiya ta wani ɓangare. Carol Dweck, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2018 da ya nuna cewa masu ɗaukar sha'awa kamar abin da ake tsinta a shirye sun fi saurin karaya idan karatu ya yi tsauri. Sha'awa rainonta ake yi.

Malama: Haka ne, Yaya, amma ba a raino sai da iri a ƙasa. Tun 1959 John Holland, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya fara bayanin yadda halin mutum ke dacewa da sana'a: wani aikin hannu, wani bincike, wani hulɗa da jama'a. A duba darasin da yaro ke zama a kai ba tare da an tilasta shi ba, a haɗa da makinsa, sannan a kai shi ya wuni da mai yin aikin.

Baban Yara: Wannan na ƙarshen na karɓa. Amma idan ya dawo ya ce zane yake so, Malama, sai mun sake zama.