Wace kalma za mu sa wa "indie film" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki, musamman malaman harshe da 'yan fim, akwai kalmar da ta tsaya min a wuya kusan wata guda kenan.

Mu a gidanmu duk daren Asabar bayan Isha muna kallon fim ɗaya, ni da maiɗakina da ƙannena biyu, wani lokacin Hajiya ma takan zauna in ba ta gaji ba, sai in haɗa kwamfuta da talabijin a kashe fitila kowa ya ajiye waya. Washegari kuma in tura sunan fim ɗin a wani ɗan guruf ɗinmu na WhatsApp don wanda yake so ya nema. To kwanaki na tura wani na rubuta a ƙasa cewa "wannan indi ne", kafin azahar mutum uku sun tambaye ni waye jarumin, ɗaya ma cewa ya yi akwai fassararsa ta Indiya-Hausa? Fim ɗin kuwa na Iran ne. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, mutanen da suka tashi da kallon Indiya tun zamanin silima in ka ce musu indi ai Indiya za su ji. Daga nan na san aron kalmar yadda take ba zai yi mana ba, dole mu nemo tamu.

Bari in fara faɗin abin da take nufi a can inda ta fito. Turawa suna cewa "independent film", a gajarce "indie". A Amurka akwai manyan kamfanonin fim, su Disney da Universal da Warner Bros da Paramount da Sony, su ke da kuɗi su ke da hanyar kai fim gidajen silima na duniya, saboda haka su ke da ta cewa, za su iya ce wa darakta canja ƙarshen labarin nan, cire wane ka sa wane, yanke minti ashirin, kuma dole ya yi. Fim ɗin da aka haɗa ba da kuɗinsu ba, ba kuma da umarninsu ba, shi ake kira da wancan suna. Rigimar ma tsohuwa ce, tun 1919 Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin fim na United Artists don aikinsu ya zauna a hannunsu. Yanzu kuma babbar matattarar irin waɗannan finafinai ita ce bikin Sundance da ake yi farkon kowace shekara.

Kalmomin da na fara gwadawa da kaina.

Fim mai zaman kansa. Ita ce ta fara zuwa min kuma na san ita yawancinku za ku fara kawowa. Matsalarta a kunnen Bahaushe "mai zaman kansa" kishiyar gwamnati ce, makaranta mai zaman kanta, asibiti mai zaman kansa, ƙungiyoyi masu zaman kansu. To ai Disney ma kamfani ne mai zaman kansa, ba na gwamnatin Amurka ba ne, kun ga kenan kalmar ta kwashe har waɗanda muke son warewa ta zuba a kwando ɗaya.

Ƙaramin fim. Wannan na ajiye ta da wuri, za a ɗauka gajeren fim ake nufi na minti goma, kuma akwai raini a cikinta. Fim ɗin 'yanci kuma sai a zaci labarin 1960 ne.

Fim ɗin ƙaramin jari, ita kam na daɗe ina juya ta don akwai gaskiya a ciki. Robert Rodriguez ya yi El Mariachi a Meziko da kusan dala 7,000, wani ɓangare na kuɗin ma ya same shi ne ta hanyar ba da kansa a yi gwajin magani a jikinsa, fim ɗin ya ci kyautar 'yan kallo a Sundance a 1993. Amma ƙarancin kuɗi alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alamar ciwo. Akwai fim mai arha da aka yi shi bisa umarnin ɗan kasuwa tun daga suna har fosta, akwai kuma wanda ya ci miliyoyin daloli amma babu wanda ya taɓa wa darakta ko layi ɗaya.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Na gode ƙwarai, ban zaci za a taru haka ba.

Malam, kai da ka ce ai duk Kannywood ma haka take don ba mu da su Disney a Kano, wallahi maganarka ce ta fi tsaya min a rai, na kwana ina tunaninta. Gaskiya ne Turmin Danya da ya fito a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi, ba wani katafaren kamfani a bayansa, in muka bi ma'anar Amurka ƙafa da ƙafa to kusan duk abin da aka yi daga nan zuwa yau ya shiga. Sai dai Malam ka tuna zamanin kaset da faifan CD, lokacin da 'yan kasuwar fim ke saye su rarraba, kowa ya san fim in babu waƙa da rawa da fuskar jarumin da ake yayi a jikin fosta da wuya a karɓa, mai labari yana so ko ba ya so sai ya sa. Yanzu kuma da aka koma masu dogon zango a YouTube yawan masu kallo da masu talla ne ke jan linzami, labarin da ya kamata ya ƙare a kashi goma sai a ja shi har ya tsinke. Ba zagi nake ba, neman abinci ne kuma na san wahalarsa. Abin da nake so in ce shi ne mu ma muna da mai ta cewa, sunansa ne kawai ba kamfani ba. Don haka kalmar da za mu zaɓa dole ta amsa tambaya ɗaya, wa ke yanke hukuncin ƙarshe a kan labarin, mai labarin ko mai kuɗin.

Ɗan'uwana na Damagaram, ka kawo "fim ɗin ƙashin kai", kamar yadda ake cewa wane ya gina masallaci a ƙashin kansa. Gaskiya ta burge ni, gajera ce kuma Hausa ce tsantsa, har na fara amfani da ita a zuciyata. Abin da ya hana ni shi ne yadda muke rubutu a waya, a cikin mutum goma da wuya uku su sa ƙ mai lanƙwasa, in lanƙwasar ta faɗi abin da ya rage ba ya karantuwa da daɗi, wani ma zai ɗauka maganar kashe kai ake. Kalmar da za ta rayu a intanet dole ta jure rubutun gaggawa.

Wadda ta ce "fim ɗin sa kai", Hajiya ai yanzu in aka ce 'yan sa kai tunanin mutane yana tafiya wajen tsaro ne. Dogaro da kai kuma sai ya yi kama da shirin koyar da sana'a.

Wadda na ga ta fi zama daram ita ce wadda wata ƙanwata ta jefo cikin dare, fim mai cin gashin kansa. Mun riga mun san kalmar daga maganar ƙananan hukumomi da jami'o'i, kuma ko a can ma ba a nufin ba ka karɓar kuɗin kowa, ana nufin ba wanda zai juya ka. Wannan shi ne ainihin abin. Ga gwajin da na yi mata. Darakta ɗan Indiya Satyajit Ray ya fara fim ɗinsa Pather Panchali da aljihunsa, har kayan ƙawar matarsa aka kai jingina, aikin ya yi ta tsayawa saboda rashin kuɗi, a ƙarshe gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ce ta ba da kuɗin da aka kammala shi ya fito a 1955. In ka ce "mai zaman kansa" ka yi kuskure tunda kuɗin gwamnati ya shiga, amma in ka ce mai cin gashin kansa kowa da ya kalle shi zai yarda, labarin talaucin wani gida ne a ƙauye aka ba da shi yadda mai shi yake so. Haka na Iran ɗin nan da ya jawo duk maganar, Children of Heaven na Majid Majidi, 1997, wata cibiyar yara ta gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, labarin yaro ne da ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa suka koma karɓa-karɓa da nasa don kada iyayensu su sani, ita ta je makaranta da safe ta dawo a guje ta ba shi. Hajiyarmu ta gida ba ta jin Farisanci ba ta karanta rubutun ƙasan fim amma har ƙarshe ba ta tashi ba, kuma ta yi hawaye. Na san a tsantsar ma'anar Amurka wani zai yi musu a kan waɗannan biyun, to ni dai a nan nake ganin tamu ta fi tasu faɗin gaskiya.

Yaya, ka ce ta yi tsawo a rage ta zuwa "fim ɗin gashin kai". Don Allah a'a, in aka cire "cin" ai gashin da ke kan mutum ya rage. A bar ta da tsawonta, muna faɗin "mai dogon zango" kullum kuma bakin kowa bai gaji ba. Jam'inta finafinai masu cin gashin kansu, mai yin su kuma darakta mai cin gashin kansa, kun ga duk ta lanƙwasu ba tare da an tilasta mata ba. Har za a iya cewa Mami Wata na C. J. Obasi, fim ɗin Najeriya mai cin gashin kansa, baƙi da fari, ya samu kyautar ɗaukar hoto a Sundance a 2023, jimlar ta tafi sumul.

Abu ɗaya nake roƙo ga masu nema su kalla, in fim ɗin yana wurin da ake biya kuma kana da hali ka biya, don waɗannan ba su da kamfanin da zai ɗauke musu asara, tura wa juna a waya kai tsaye aljihun mai shi yake taɓawa.

Saura kalmar rubutun nan na ƙasan fim, ni "fassarar ƙasa" nake cewa a gida amma ban gamsu da ita ba, wannan sai wani zaren. Yanzu dai ga yadda na tura saƙon wannan makon a guruf: ranar Asabar in Allah ya kai mu The Lunchbox za mu kalla, na 2013, marigayi Irrfan Khan ne a ciki, labarin kular abinci ce da aka kai wa wanda ba shi aka nufa ba a Mumbai. Na Indiya ne wannan karon, amma mai cin gashin kansa ne, kar wanda ya zauna jiran rawa a kan dutse.