Muhawara: a MotoGP mahayi ne ke cin tsere ko mashin?

Ɗan Turɓaya:
Salam 'yan uwa. Ni fa maganar da na yi jiya ina nan a kanta ban janye ba, a MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya a kan kwalta, mashin ne ke tsere, mahayi rakiya kawai yake yi. A 2024 gasa 20 aka yi, kamfanin Ducati ya cinye 19, guda ɗaya tal kamfanin Aprilia ya samu a Amurka, to don Allah wannan gwanintar mahayi ce ko ta injiniyoyi? Kwalta sumul kamar tafin hannu, kwamfuta na rage maka wuta in taya za ta sulale, kwanonin ma tun ranar Juma'a ka haddace su. Wanda ke son ganin iya babur na gaskiya ya kalli Dakar, tseren sahara, ko motokuros, tseren babur a kan turɓaya, inda ƙasar da ka bi a zagayen farko ba ita za ka tarar a na biyar ba.

Sarkin Kwana:
Haba Yaya, wlh ka zalunci mutanen nan. Ducati guda 8 ne a filin a wannan shekarar amma mutum 4 ne kawai suka ci, Bagnaia 11, Martin 3, Marquez 3, Bastianini 2. Sauran huɗun ba Ducati suke kai ba? Kuma Marquez ma mashin ɗin da aka yi amfani da shi a 2023 aka ba shi. Bari ma wannan, Rossi ya bar Honda bayan ya ci kambu uku a jere, ya koma Yamaha wadda ko gasa ɗaya ba ta ci ba a 2003, kowa yana cewa ya kashe kansa, sai ga shi tseren farko na 2004 a Welkom ta Afirka ta Kudu ya doke Biaggi da ke kan Honda, ƙarshen shekara kuma ya ɗauke kambun gaba ɗaya.

Ɗan Turɓaya:
To ƙanina ci gaba da labarin mana, kar ka tsaya inda ya yi maka daɗi. Shi wannan Rossin ya koma Ducati 2011 da 2012, shekara biyu cur bai ci ko ɗaya ba. Gwanintar a gida ya manto ta?

Baba Makanike:
Yaro a nan kam ka daɓa wa cikinka wuƙa. Wannan Ducatin da ta gagari Rossi, Casey Stoner ya ci gasa 3 da ita a 2010 kafin ya bar ta. A 2007 kuwa 10 ya ci ya ɗauki kambu, abokin hawansa Capirossi mashin iri ɗaya kamfani ɗaya, guda ɗaya ya samu. Matsalar mashin ɗin a gaba take, ba ya gaya wa mahayi lokacin da tayar gaba za ta tafi, shi Rossi salonsa sai yana jin gaban mashin a hannunsa, shi kuma Stoner da baya yake juya shi, ya ba shi wuta tayar baya ta ɗan zame ta nuna masa hanya. Kun ga ƙarfe ɗaya ne, hannun ne daban.

Ɗan Turɓaya:
Yauwa Baba na gode, ai ni ka taimaka wa! Ina Stoner ya koyi zamar da tayar baya? A tseren turɓaya a Ostireliya tun yana ƙaramin yaro. Kenny Roberts daga tseren turɓaya na Amurka ya fito ya zo Turai ya ci kambu 1978, 1979, 1980. Marquez da mashin ɗin ƙasa ya fara. Shi kansa Rossi filin atisayen da ya gina a garinsu Tavullia ba kwalta ya zuba ba, ƙasa ce, a nan yake horar da yaransa irin su Bagnaia. In kwalta ta isa me ya kai su shaƙar ƙura?

Sarkin Kwana:
Wannan na yarda, ƙasa makaranta ce, tana koya maka kada hankalinka ya tashi in mashin ya fara rawa ƙarƙashinka. Amma akwai darasin da babu shi a can Yaya. A filin tseren Mugello na Italiya a 2023 Brad Binder ya kai kilomita 366.1 a awa, ƙarshen wannan miƙaƙƙen titin kuma kwana ce ke jiransa, dole ya sauko kusan 100 cikin daƙiƙu kaɗan, kuma ka sani MotoGP babu ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an matsa birki, kwamfutar da kake magana aikinta a totur ne, birkin gaba yatsun mutum ne kawai. Ba kuma matsewa za ka yi ka saki ba, da birkin a hannu kake shiga kwanar kana sassauta shi kaɗan kaɗan daidai yadda kake kwantar da mashin, har ya kwanta sama da digiri 60 gwiwa da gwiwar hannu suna gogar kwalta, abin da ya taɓa ƙasa na taya bai wuce faɗin katin banki ba. Ka ƙara matsi ƙiris gaba ta tafi. Ni abin da ke ban mamaki har yau yadda Marquez ke tokare kwalta da gwiwar hannu ya ɗago mashin ɗin da ya riga ya faɗi, wace kwamfuta ce ke masa wannan?

Kuma in ƙasa ce komai, ina labarin Jean-Michel Bayle? Bafaranshe ne, zakaran duniya a motokuros 1988 da 1989, ya je Amurka ya cinye su a 1991, ya koma gasar duniya ta tseren kwalta, wato Grand Prix, ya yi shekaru bai taɓa cin gasa ko ɗaya a cikinta ba. Danilo Petrucci kuma daga MotoGP ya tafi Dakar 2022 zuwan farko ya ci zango guda.

'Yar Dakar:
Malam Sarkin Kwana a faɗi gaskiya duka, zangon nan Toby Price ne ya riga shi isowa, hukuncin wuce ƙa'idar gudu aka yi masa shi ne ya faɗo hannun Petrucci. Ba raina shi nake ba, ya yi ƙoƙari sosai, amma cin zango ɗaya daban jure sati biyu daban.

Ni ban ce MotoGP rakiya ba ne, amma ku duka kuna maganar hannu da totur kun manta da kai. A Dakar babu wanda ya zana maka layi, takardar hanya ce a gabanka kana karanta ta kana tsaye a kan matakai kana gudu, ido ɗaya a takarda ɗaya a rami, ka yi kuskuren lissafi ɗaya ka ɓata minti 20 kana zagaye a sahara. Wanda ya fara tashi ma shi ne a wahala don shi ke buɗe hanya, na baya sawunsa suke bi. Tudun yashi kuma ba ka san me ke bayansa ba, ka hau da wuta ka wuce kansa ka faɗa rami, ka sassauta da wuri tayar baya ta nutse ka tsaya kana haƙa da hannu cikin rana. Price ya ci Dakar 2019 a Peru da karaya a wuyan hannu. Laia Sanz mace ce ta zo ta 9 a 2015 a cikin maza, Ross Branch ɗan Botswana ya zo na 2 a 2024. Waɗannan ba tseren minti 40 suke yi su sauka kamar 'yan MotoGP ba.

Auta:
Anti ni tambaya ce da ni ba musu ba. Kwanaki na shiga kwana ban lura yashi ya kwanta a wajen ba, gaban ya ɗan karkace sai kawai hannuna ya damƙe birkin gaba, kafin in ankara ina ƙasa gwiwata ta kwaile har yanzu tabon na nan. Ɗan motokuros da yaya zai yi a wajen?

'Yar Dakar:
Sannu Auta, Allah ya ƙara kiyayewa. Da tun kafin yashin zai rage gudu mashin na tsaye, in ya shiga kuma ba zai taɓa birkin gaba ba, nauyinsa baya, hannu a sake ya bar kan mashin ya yi 'yar rawarsa, totur a riƙe daidai ba ƙari ba ragi. Damƙar nan da ka yi ita ce ta kayar da kai, ba yashin kaɗai ba.

Baba Makanike:
Kuma na tabbata yashin kake kallo lokacin. Inda ido ya kafe nan mashin ke zuwa, wannan kam kwalta da ƙasa duk ɗaya ne, mafitar kwana ake kallo. Ga wani abu da mutane da yawa ke yi ba su san suna yi ba, in kana cikin gudu kana son yin hagu, hannun hagu kake ɗan turawa gaba, mashin sai ya kwanta hagu. Ka gwada a fili babu kowa, a hankali, da hular kwano a kanka.

Ku masu musu kuma ku gaya min inda za ku ajiye 'yan sifidwe. Mashin babu birki sam, giya ɗaya, mutum 4 zagaye 4 duk kwanar hagu, da zamar da baya kawai suke rage gudu, takalmin hagu da ƙarfe a ƙasansa yana jan ƙasa. Ko tirayal, wanda babu ma gudu a ciki, mashin ko wurin zama ba shi da shi, duwatsu ake hawa ka sa ƙafa ƙasa a rubuta maka laifi. Toni Bou tun 2007 yake riƙe da kambun, abin da yake yi da kuloci da yatsa ɗaya ni ban ga na biyunsa ba, amma ka ɗora shi a Mugello ba lallai ya zo ko na ƙarshe da mutunci ba.

Sarkin Kwana:
A ƙara da tseren TT na tsibirin Man Baba, tunda an ce kwalta sumul ce. Zagaye ɗaya ya haura kilomita 60 a titin gari, katanga da gidaje da turakun wuta a gefe, Peter Hickman ya zagaye shi a 2023 da matsakaicin gudu kusan kilomita 219 a awa.

Baba Makanike:
Wannan ni ba na kallonsa da daɗin rai. Agostini mai kambu 15 ma daina zuwa ya yi bayan abokinsa Parlotti ya rasu a can a 1972, bayan 1976 aka cire shi daga gasar duniya. Rayuka da yawa sun tafi a titin nan.

Ɗan Turɓaya:
To shikenan, kalmar rakiya na janye ta, maganar birkin gaba ta shige ni gsky. Amma sauran ina nan. Marquez ɗin da kuke yabo daga ƙarshen 2021 bai sake cin gasa a kan Honda ba, sai da ya hau Ducati ya ci a Aragon 2024, 2025 kuma ya ɗauki kambu. Mutum ɗaya ne fa, mashin aka canja.

Sarkin Kwana:
Da hannun da ya karye a Jerez 2020 aka yi ta masa aiki, ka sa wannan a lissafi Yaya. Mu jira 2027, za a rage inji zuwa cc 850, a cire na'urar da ke durƙusar da mashin, a rage fukafukai, lokacin za mu sake zama.

Ɗan Turɓaya:
Allah ya kai mu. Amma ka rubuta ka ajiye, duk wanda zai ci a shekarar za ka tarar yana atisaye a ƙasa.