Taƙaitawa: hoto da sautin Ong-Bak a faifai

Jama'a, maganar da ake ta yi kan ingancin hoto da sautin Ong-Bak, fim ɗin faɗa na ƙasar Tailan, a faifai ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda hoton bai fita garau ba, ko a Blu-ray, faifan da aka san shi da fin DVD fitar da hoto. Fim ne na 2003 da aka yi da kuɗi kaɗan, dishi-dishin daga tushe yake. An fi kuka da faɗace-faɗacen gidan damben caca na Bankok: duhu ya yi yawa, launi ya rine zuwa ruwan ƙasa, har fuskar Tony Jaa, jarumin fim ɗin, kan ɓace. Tseren cikin kasuwa da rana kuwa ya fita sosai.

2. An rabu kan sayen Blu-ray. Wasu sun ce ya ɗan ɗara DVD, wasu sun ce mai DVD na asali ya riƙe kuɗinsa. Ni ma nan na karkata.

3. Sauti ne ya fi jawo gardama. Kamfanin Luc Besson, mai shirya finafinai na Faransa, ya datse wasu wurare, ya sauya kiɗa a bugun da ya fitar waje. Masu son na asali sun ce sabon kiɗan yana danne ƙarar gwiwa da gwiwar hannu in sun sauka a jiki. Wasu kuma sun ce shi ke ƙara wa faɗan armashi.

4. Harshen Tai da fassara a ƙasan allo ya fi muryoyin Turancin da aka ɗora. Ba wanda ya musa.

5. A guji faifan da ake cusa wa finafinai barkatai, hoton fashewa yake da an fara gudu. A kuma duba lambar yankin faifan, wadda ke nuna na'urorin wane yanki na duniya ne za su iya kunna shi, kafin a biya.